Babi na Bakwai: Zare da Allura a Ajin Fasaha

A Ingila, ɗalibin da ya zaɓi ɓangaren tufafi a darasin Ƙira da Fasaha yakan shafe watanni a shekarar da zai cika 16 yana fama da aiki guda. Zai ƙirƙiro wani abu na yadi, riga ce ko jaka ko hula ko abin shimfiɗa, ya miƙa a ba shi maki. A tsarin AQA, ɗaya daga cikin manyan hukumomin jarrabawa na ƙasar, wannan aiki maki 100 ne. Amma haɗa abin da hannu, wato yanka da ɗinki da kalmasa da sa zif, maki 20 kacal yake ci. Sauran 80 ɗin suna wurin bincike, da tsara sharuɗɗan da abin zai cika, da fito da dabaru iri-iri, da gyara su, da auna abin da aka yi a ga ko ya biya buƙata.

Duk telan da ya ji wannan rabo zai ce an yi wa allura rashin adalci. Sai dai rabon makin shi ne ya fi komai bayyana manufar darasin. Makaranta ba ta neman ta yaye teloli a shekara biyu, don wannan aikin shago ne da hannun maigida. Abin da take nema shi ne yaro ya saba da tambayoyi uku kafin ya taɓa almakashi: wa zai yi amfani da wannan abu, wane yadi ne ya dace da shi, kuma ta yaya zan tabbatar ya yi?

Daga ɗinkin 'yan mata zuwa darasin kowa

Ba haka abin ya faro ba. A dokar ilimi da aka sabunta a Ingila a 1862, an sharɗanta wa makarantun firamare masu neman tallafin gwamnati su koya wa 'yan mata ɗinkin hannu. Manufar a fili take: yarinya ta iya faci da kalmasa, ta zama matar gida ko 'yar aiki a gidan masu hali. Daga baya aka ba maza sassaƙa da ƙira. An shafe sama da shekara ɗari a haka, mata ga allura, maza ga zarto.

Dokar hana nuna bambancin jinsi ta 1975 ce ta haramta wa makarantu su hana ɗalibi wani darasi don shi namiji ne ko mace. Sannan dokar gyaran ilimi ta 1988 ta kafa manhajar ƙasa, kuma daga 1990 aka tattaro aikin katako da ƙarfe da lantarki da girki da tufafi ƙarƙashin inuwa guda, aka wajabta wa yara daga shekara 5 zuwa 16. Wannan shi ne darasin da suke taƙaita sunansa da D&T. Da wannan haɗi ne ɗinki ya fita daga sahun ayyukan gida ya shiga sahun fasaha, aka fara kallon yadi kamar yadda ake kallon ƙarfe da katako: abu ne mai ƙarfi da rauni da nauyi da farashi, wanda ake iya aunawa.

A yau yaro yakan shiga sakandare yana da shekara 11. Daga nan zuwa 14, makarantu da yawa kan zagaya da shi: 'yan makonni a ɗakin katako, 'yan makonni a ɗakin girki, 'yan makonni a gaban keken ɗinki, maza da mata. A shekara 14 ne zai zaɓi darussan da zai rubuta a jarrabawar GCSE. Wanda ya so ya zarce da fannin tufafi har shekara 18, daga nan sai jami'a ko kamfani.

Sanin zare kafin sanin ɗinki

Karatun yakan fara daga ƙasa, daga silin zare. Ana raba shi gida uku. Akwai na tsiro da dabba, kamar auduga da lilin da ulu da alharini. Akwai na roba da ake samu daga man fetur, kamar nailan da foliyesta. Akwai kuma na tsakiya, wanda ake narkar da ɓargon itace a sake jan sa ya zama zare. Kowanne da halinsa. Auduga tana shan gumi, shi ya sa take da sanyi a jiki, amma tana yamutsewa kuma tana jinkirin bushewa. Foliyesta ba ta shan ruwa sai kaɗan, tana bushewa da wuri, ba ta cika yamutsewa ba, amma a zafi sai ta riƙe wa mutum gumi a jiki. Da ɗalibi ya gane wannan, ba sai an gaya masa dalilin da ya sa ake gauraya su biyun a rigar makaranta ba.

Akwai gwajin da malami kan nuna wanda ba a mantawa da shi. A tsinko zare kaɗan a kai shi bakin wuta. Idan auduga ce, za ta ci da sauri, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Idan ulu ne, zai yi warin gashi da aka babbake, ya bar baƙin dunƙule mai marmashewa. Idan foliyesta ce, sai ta narke ta dunƙule ta yi tauri. Daga wannan ɗan gwaji sai a gangaro kan tambayar da ta shafi rai: wane yadi ya kamata a ɗinka wa ƙaramin yaro kayan barci da shi, wanne kuma bai kamata mai aiki kusa da wuta ya sa ba?

Bayan zare sai saƙa. Yadin da aka saƙa da zaren tsaye da na kwance ba ya miƙewa sosai ta tsawo ko ta faɗi, amma idan aka ja shi ta kusurwa sai ya ba da kai, kuma masu tsara kaya suna amfani da wannan don riga ta zauna a jiki. Saƙar da layukanta suke tafiya a karkace, irin ta wandon jins, ta fi jure wahala. Yadin singileti da safa kuwa madaukai ne a sarƙe da juna, shi ya sa yake miƙewa ya dawo. Akwai ma wanda ba a saƙa ba sam, an dai danne silin zaren da zafi ya manne, irin na takunkumin fuska da duniya ta sani a lokacin korona.

Sai gwaje-gwaje. A yanka ƙyallaye daidai wa daida, a wanke su, a sake aunawa a ga wanda ya tsuke. A rufe rabin ƙyalle a ajiye shi a taga na makonni a ga yadda rana ta koɗar da ɗaya rabin. A goga rinannen yadi a jikin fari a ga ko yana zuba. A ɗiga ruwa a ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya shige. Sharaɗin dai guda ne: a canza abu ɗaya kawai a bar sauran yadda suke, a rubuta sakamako. Wannan ita ce ƙa'idar da ake bi a ɗakin gwajin kimiyya, illa dai a nan abin gwajin yana jikin yaron tun da safe.

Aikin da ake ba wa maki

A ranar 1 ga Yuni ta kowace shekara hukumomin jarrabawa kan fitar da jigogin aikin. Jigo ne mai faɗi, ba a cewa a ɗinka kaza. Ɗalibi ne zai nemo matsala a cikin jigon, ya nemo mutumin da take damu.

A ce wata ɗaliba ta lura kakanta yana fama da amosanin gaɓɓai, yatsunsa ba sa iya sa maɓalli, ga sanyin hunturu. Za ta zauna da shi ta tambaye shi abin da ke ba shi wuya, ta auna shi, ta duba rigunan da ke kasuwa ta ga inda suka gaza. Sai ta rubuta sharuɗɗa: a iya rufe rigar da hannu ɗaya, ta riƙe ɗumi, ta wanku a inji, kuɗinta kada ya wuce kaza. Sai ta zana dabaru da dama. Ta gwada maganaɗisu, ta gwada manne mai ƙaya-ƙaya, ta gwada zif mai babban zobe. Kafin ta taɓa yadi mai tsada, za ta ɗinka samfuri da akoko, kakan ya gwada. Wataƙila ya ce hannun ya matse, ko ya ce ba zai sa rigar da za ta nuna wa jama'a shi mara lafiya ne ba. Dole ta koma ta gyara.

Duk wannan kai da kawo ana tattara shi a kundi mai kimanin shafi 20, kuma kuskuren da aka gano aka gyara yana jawo maki, ba ya ragewa. Ɗalibin da ya ɗinka riga mai kyau a karon farko bai nuna dalilin zaɓinsa ba, wadda ta gwada sau uku ta rubuta abin da ta koya za ta iya wuce shi.

Wannan aiki rabin makin jarrabawa ne. Ɗaya rabin rubutacciyar jarrabawa ce ta awa 2, kuma aƙalla kashi 15 cikin 100 na tambayoyinta lissafi ne. Yadi mai faɗin santimita 150, yaya za a jera sassan riga a kansa don kada a yi asarar ƙyalle? Idan an bar santimita 1.5 na cin ɗinki a kowane gefe, nawa za a yanka? Idan riga ɗaya ta ci kaza, nawa dubu za su ci, kuma me ya sa farashin kowace ɗaya yake sauka idan an yi da yawa? Yaron da lissafi ya gagara a kan allo sau da yawa yakan gane shi a nan, don kuskuren santimita biyu yana gani da idonsa.

Makarantun da ke da hali suna da keken surfani mai aiki da kwamfuta da injin yanka mai amfani da hasken leza. Ana kuma koyar da zaren da wutar lantarki ke bi ta cikinsa, a ɗinka ƙananan fitilu a jakar mai keke don direba ya hango shi da dare, da rinin da ke canza launi idan ya ji zafi.

Kimiyyar da ke cikin yadi

Mai ganin an kai abin da nisa sai ya dubi tarihi. A 1804 Joseph Marie Jacquard na birnin Liyon a Faransa ya fito da masaƙar da ke karanta ado daga kati mai huji: inda akwai huji zare ya ɗaga, inda babu ya zauna. Daga wannan dabara Charles Babbage ya ari hanyar ba injin lissafinsa umarni, kuma katin mai huji ya yi wa kwamfuta aiki har cikin ƙarni na 20. Furannin da ke jikin shaddar da muke sawa ranar salla irin wannan masaƙa ce take fito da su.

A 1856 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro sai ya samu rini mai launin shunayya. Shi ne rinin kanti na farko da ya ci kasuwa, kuma daga nan masana'antar sinadarai ta zamani ta kama hanya. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta, cikin 'yan shekaru noman baba a Indiya ya durƙushe. A 1941 wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, suka samar da zaren foliyesta. A 1965 Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont ta gano zaren Kevlar da ake yin rigar sulke da shi. Bel ɗin mota yadi ne, lemar saukowa daga jirgi yadi ce, gidan sauro yadi ne, haka zaren da likita ke ɗinke rauni da shi.

Darasin ba ya tsayawa kan abin alfahari. Ana sa ɗalibi ya bi sawun rigarsa tun daga gona har juji. A nan ne yake jin labarin tekun Aral da mafi yawansa ya ƙafe saboda an karkatar da kogunansa zuwa gonakin auduga. Yake jin labarin ginin Rana Plaza a Bangaladesh, wanda ya rufta ranar 24 ga Afrilu 2013 ya kashe mutum sama da 1,100, yawancinsu masu ɗinka wa shagunan Turai da Amurka kaya. Yake kuma sanin cewa rigar da ya sa sau uku ya yar tana iya ƙarewa a dilar gwanjo a kasuwar Kantamanto ta Akara, inda abin da bai sayu ba yake zama shara a bakin teku. Mai ƙira, a wannan karatu, yana da alhakin abin da ya ƙera har bayan ya bar hannunsa.

Yadda darasin ya rame

Duk da haka darasin ya shiga wani hali a ƙasar da ta haife shi. A 2004 aka cire wajabcinsa ga 'yan shekara 14 zuwa 16. A 2010 gwamnati ta kawo ma'aunin EBacc, wanda ya riƙa auna makarantu da Turanci da lissafi da kimiyya da tarihi ko labarin ƙasa da harshen waje. Ƙira da Fasaha ba ya ciki. Shugaban makarantar da kuɗi suka yi wa kaɗan ya san inda zai fara yanka, tunda darasin yana cin kuɗi: kekuna, yadi, mai gyara, ga aji da ba ya ɗaukar yara da yawa. Malamai ma suka yi ƙaranci. Masu rubuta jarrabawar, waɗanda suka haura 400,000 a farkon shekarun 2000, suka koma ƙasa da 100,000.

A 2017 kuma aka haɗe rassan wuri guda. Da can akwai takardar jarrabawa ta fasahar tufafi zalla. Yanzu mai son yadi sai ya san wani abu game da katako da ƙarfe da lantarki da giya-giyan inji kafin ya kai ga fanninsa. Masu goyon baya suka ce haka duniyar aiki take, takalmin gudu ma yadi ne da roba da gam. Malaman tufafi da dama kuwa suka ce an tsarma fanninsu, sai makarantu suka mayar da shi ƙarƙashin darasin zane-zane, inda ake ba launi da ado muhimmanci fiye da gwaji da lissafi. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ba a musu a kai shi ne, darasin da ba a auna makaranta da shi shi ne na farko da ake sadaukarwa.

Mu da muke da marina

Wannan labari ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da gari mai rayuwa da saƙa da rini, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Murzuk da Tarabulus. Turkuɗin Kura ya yi suna a wurin Buzaye. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan har yau. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles da haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da wani kamfanin Lankasha, wasu suka biyo baya har Kakuri ta cika da ma'aikata. Rashin wuta da tsufan injina da yadin fasa-ƙwauri suka taru suka rufe yawancinsu. Yau Kantin Kwari cike take da kaya, amma shaddar da aka fi yi wa kirari daga Ostiriya take, atamfar da amarya ke alfahari da ita daga Holan, ta talaka kuma daga Sin. Mu ne masu sawa, wasu ne masu zanawa da gwadawa.

A takarda ba mu rasa darasin ba. Hukumar WAEC ta daɗe tana da jarrabawar sutura da yadi. Manhajar babbar sakandare ta 2011 ta zo da sana'o'i sama da 30, har da ɗinki da rini. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da zanen yadi da kimiyyarsa. Amma duk wanda ya ga abin da ya faru da darasin gabatar da fasaha na tsarin 6-3-3-4, inda injinan da aka shigo da su suka yi tsatsa a akwati a makarantu da yawa saboda babu wuta babu malami, ya san rubuta darasi a manhaja daban, koyar da shi daban. Sau da yawa malami ya zana keken ɗinki a allo, yara su haddace sunayen sassansa, su ci jarrabawa ba su taɓa taka shi ba. A wani wurin kuma ana ganin darasin na 'yan mata ne da waɗanda boko ya gagara, alhali a garuruwanmu masaƙa da marina da masu ɗinkin babbar riga akasari maza ne.

Abin koyi daga Ingila ba injin leza ba ne. Mafi yawan abin da aka lissafa a wannan babi ba ya buƙatar lantarki. Gwajin wuta ashana ce da sili. Gwajin koɗewa taga ce da rana, ita kuwa muna da ita har ta yi yawa. Samfuri akoko ne da allura. Sannan muna da abin da makarantar Landan za ta biya kuɗi ta gani. Marini ya tsoma farin yadi a rijiyar baba da toka, ya fito da shi kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a kan idon mutum. Dalilin shi ne shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa sai tsimuwa ta sauya shi, idan kuma ya haɗu da iskar da muke shaƙa sai ya koma asalinsa ya maƙale a cikin zare. Darasin sinadarai ne cikakke, kuma malaminsa yana bakin karofi. Shi ya san hannun aikin, malamin makaranta ya san dalilin. Ɗalibin da aka haɗa masa su biyun shi ne zai iya tambayar yadda za a hana rini zuba, ko yadda za a yi gyalen da ba ya riƙe zafi, ko rigar makarantar da za ta kai shekara biyu.

Matsalolin da za a ba yara su warware kuwa ba sai an je nesa ba: jakar da za ta hana littafi jiƙewa da damina, majanyin da ba zai gajiyar da uwa ba, kayan aikin mai walda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗabi'ar tambaya da gwaji a shekarun sakandare take kamawa.

Don haka kira ga shugabannin makarantu da hukumomin ilimi shi ne su ba wannan darasi ɗaki da malami da lokaci, su buɗe shi ga maza da mata, su gayyato masu sana'ar gari cikin aji, su kuma ba da maki ga tunani kamar yadda suke ba kyan ɗinki. Iyaye kuma su daina ɗaukar ɗan da ya zaɓi zare da allura a matsayin wanda ya kasa. Masaƙa ana iya sayo ta da kuɗi a shekara guda, amma wanda zai zana abin da za ta saƙa sai an raine shi tun daga aji.